Ina Sanyin Hunturun Da Muka Sani?

Mu da muka yi ƙuruciya a Unguwar Mu'azu a shekarun 1980 da 1990 muna tuna yadda hunturu yake. Da asuba sai iyayenmu mata su hura wuta a kasko, mu kewaye muna jin ɗumi kafin mu tafi makaranta. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ba mai fita sai an shafe shi da man kaɗanya. Yanzu kuwa a wasu shekaru sai Disamba ta yi nisa yaran da muke koyarwa suna zuwa aji ba rigar sanyi. Dattawa suna cewa hunturu ya mutu. Gaskiya ne, ko dai tunanin zamanin da ne kawai?

Mutanen Turai su ma suna irin wannan tambaya game da ƙanƙarar da ke sauko musu. Mu ba mu da ƙanƙara, tamu tambayar ta hunturu ce. Kafin mu amsa, sai mu raba abu biyu da mukan haɗa: hazo dabam, ɗari dabam.

HAZO

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita daga wani kwari ne mai suna Bodele a ƙasar Cadi, kusa da garin Faya. A zamanin da can wurin ƙarƙashin wani babban tafki yake. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa, ta kawo mana har kan tagoginmu. Wata ma takan haye teku har dajin Amazon.

Yawan hazo yana tafiya da ƙarfin iska da kuma bushewar ƙasa. A lokacin farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, ƙura ta ƙaru ƙwarai a Afirka ta Yamma. Daga shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo, ƙurar kuma ta ragu. Ashe mu da muka tashi a bayan fari, hunturu mai kauri muka saba da shi, da shi kuma muke auna na yau.

ƊARI

A nan ne ɗumamar duniya ta shigo. Hayaƙin man fetur da gawayi da gas yana taruwa a sama, yana tare zafin da ya kamata ya fita daga ƙasa, kamar bargo. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 2024 ta fi kowace shekara da ta gabace ta zafi tun da aka fara awo, da wajen digiri 1.5 bisa zafin 1850 zuwa 1900. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Awon da aka yi a Afirka ta Yamma ya nuna darare masu sanyi suna raguwa, masu ɗumi suna ƙaruwa. Ɗarin hunturu kuwa na dare ne da asuba.

Akwai kuma laifin da yake namu. Inda da akwai gonaki da itatuwan mangwaro, yanzu bulo ne da kwano da kwalta. Waɗannan suna shan rana wuni guda, da dare su yi ta fid da zafi. Shi ya sa wanda ya kwana a ƙauye yakan ji ɗari fiye da wanda ya kwana a cikin Kaduna a dare ɗaya.

Amma kada mu yanke hukunci da shekara guda. Masana sukan haɗa awon shekara 30 kafin su ce yanayin wuri ya sake. Hunturu mai tsanani zai iya dawowa baɗi, wannan kuwa ba zai ƙaryata ɗumamar ba.

ME YA SHAFE MU?

Alkama tana son sanyin dare. Manoman rani na Kadawa da Haɗeja sun sani, in hunturu ya gajarta zafi ya yi sammako, ƙwaya ba ta cika. Abin da ya taɓa gonarsu zai taɓa burodin yaranmu.

Kada kuma raguwar sanyi ta sa mu sake. Busasshiyar iska da ƙura suna nan, su ne ke share wa sanƙarau hanya. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 suka mutu a Nijeriya. Iyaye, ku kai yara rigakafi, ku ba su ruwa isasshe, ku bar taga a buɗe inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya. Yaron da ya yi zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar.

A makaranta kuma, ma'aunin zafi ba shi da tsada. Bari yara su riƙa rubuta awon kowace safiya a littafi guda, su kwatanta da sanarwar hukumar NiMet. Kowane gida kuma ya dasa itace ɗaya da damina mai zuwa, ya tsare shi daga awaki har ya girma.