Daga Kuseri zuwa Garwa: Hanya ɗaya, abin hawa biyar

Duk wanda zai tashi daga wani ƙauye a yankin Logon da Shari ya nufi Yawunde, sai ya hau abin hawa kusan biyar: kwale-kwale ko keke zuwa bakin hanya, babur zuwa tasha, ƙaramar mota zuwa Marwa, babbar bas zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa. Na sha bin wannan hanya, kuma abin da na lura shi ne kowanne na aikinsa shi kaɗai, babu wanda ke jiran ɗan'uwansa.

Layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, kuma nan ya tsaya har yau. Daga nan zuwa arewa, komai ya rataya ne a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Garwa, Marwa, Mora, Waza da Dabanga, ta ƙare a Kuseri, inda gadar Ngeli ta haɗa Kamaru da Njamena. Manyan motocin da ke ɗauko kayan Chadi daga tashar ruwa ta Duwala su ma suna bi ta nan.

Ɓangaren da ya fi ba matafiya wahala shi ne Mora zuwa Kuseri, kilomita kusan 205. An fara gyara shi, amma a watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan China 10 a Waza, aiki ya tsaya cak. Daga baya aka miƙa shi ga injiniyoyin soja da tallafin Bankin Duniya, sai dai ya ci gaba da tafiyar hawainiya. In damina ta faɗi, tafiyar 'yan sa'o'i kan koma ta yini guda. Direbobi kan ce, "Malam, sai dai haƙuri," kamar haƙurin ne zai fitar da taya daga laka.

A cikin gari da ƙauyuka kuwa, 'yan acaba, waɗanda ake kira kilando, su ne sarakunan hanya. Amma su ma sun sha bugu biyu. A 2014 hukumomi sun taƙaita zirga-zirgar babura a Arewa Mai Nisa saboda tsaro. A 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai, farashin zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi ta kan iyaka, ya yi sama, kuɗin acaba ya bi shi.

A nan ne keke ya nuna kansa. Ba ya shan mai, ba ya jiran fasinja ya cika, kuma mai faci na nan a kowace kasuwa. Na ga manomi ya ɗaure buhun masakwa a bayan keke, na ga ɗalibai suna taka shi zuwa makaranta, na ga naƙasassu masu keken hannu suna dakon kaya a gadar Ngeli. Duk da haka, mai keke sai ya yi kokawa da tirela a kan kwalta ɗaya, in ta matso shi ne zai faɗa rami.

A wajen Garwa akwai abin koyi. Kamfanin auduga na Sodecoton, da aka kafa a 1974, yana gyara hanyoyin karkara don kwaso auduga, kuma hanyoyin nan ne mai ciki ke bi zuwa asibiti, mai albasa ke bi zuwa kasuwa. Gadar Yagwa zuwa Bongor da aka buɗe a 2025 ita ma ta ba 'yan kasuwa ƙofa ta biyu a kan kogin Logon.

Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan gutsattsari. A ware wa kekuna gefen hanya a mashigar garuruwa da kan gadoji. A tanadi wurin ajiye keke mai gadi a tashoshin Kuseri, Marwa da Garwa. A daidaita tashin bas da isowar jirgin Yawunde da safe. A ɗaga hanyoyin da ke zuwa Makari da Gulfe, waɗanda ambaliya ke yankewa, kamar yadda ta yi a 2022 da 2024. Majalisun ƙananan hukumomi za su iya fara biyun farko da kuɗin da bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba.