Ƙwaya da tsofaffin sojoji: Darasin da iyaye da ƴan kasuwa za su ɗauka daga aikin wata likita

Duk mai rumfa ko tebur a bakin babban titin da ya ratsa Gure ya sha ganin motocin soja suna wucewa gabas, tun daga watan Fabrairu na shekarar 2015 da Boko Haram ta fara kai hari a Boso da Difa. In za su tafi mu bi su da addu'a, in sun dawo da ƙafafunsu mu gode wa Allah. To amma akwai wanda ke dawowa jikinsa garau, barci kuwa ya ƙaurace masa, ƙarar salansar babur kaɗai ta isa ta sa ya zabura, magana kaɗan sai faɗa. Likitoci suna kiran wannan hali firgicin bayan tashin hankali, kuma ciwo ne da ake yi wa magani kamar kowane ciwo.

Kwanakin baya a wani shiri da nake gabatarwa a rediyo, wata uwa mai tuyar ƙosai ta bugo waya. Ta ce ɗanta ya baro aikin soja ya dawo gida, da farko shayi da sigari ne ke raka shi dare, daga baya ta riƙa tsintar fankon tramol a aljihunsa in za ta yi wanki, yanzu kuma har kuɗin cinikinta ba su tsira ba. Ta tambaye ni inda za ta kai shi ba tare da unguwa ta ce ya haukace ba. Wannan tambaya ita ce ta sa na shiga binciken yadda wasu ƙasashe ke yi da irin waɗannan samari, har na ci karo da labarin wata likita a Amurka.

Kafin mu je can, bari mu fara da abin da ke gabanmu. Tramol maganin raɗaɗi ne mai ƙarfi, dangin su hodar heroyin, wanda a asibiti ake bayarwa a ma'aunin miligiram 50 ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini guda. Wanda ke yawo a kasuwanninmu kuwa ana samun mai 200, mai 225 har mai 250 a ƙwaya ɗaya, shi ya sa za ka ga yaro ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. A watan Satumba na 2017 an kama ƙwayoyin tramol sama da miliyan 3 a nan Nijar, an ɓoye su cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar yadda ofishin majalisar mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya bayyana. A Najeriya kuma, binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba cikin shekara guda.

Amurka ta daɗe da sanin wannan ciwo a jikin sojojinta da suka dawo daga Biyetnam, Iraƙi da Afganistan. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin ƙasar ta ce cikin kowane tsohon soja 10 masu fama da firgicin yaƙi, sama da 2 suna haɗawa da shaye-shaye. Dalilin a fili yake: mutum ya sha don ya samu barci, gobe ya ƙara don ya manta, kafin ya ankara ƙwayar ta zame masa ciwo na biyu.

Likitar da muke magana a kanta ita ce Farfesa Kathleen Carroll, masaniyar halayyar ɗan adam, wato irin likitocin da ke magani da zama da mutum da koya masa dabara, ba da allura ba. Ta gama babban digirinta a Jami'ar Minesota a 1988, sannan ta yi sama da shekara 30 tana aiki a Jami'ar Yale, inda ofishin bincikenta ya daɗe a harabar asibitin tsofaffin sojoji na West Haven a jihar Konetikat. Ta rasu ranar 28 ga Disamba, 2020 tana da shekara 62.

Hanyar da ta ƙware a kai ita ce gyaran tunani da ɗabi'a. A taƙaice, ana zama da mai shaye-shaye a bi diddigin abin da ke faruwa kafin ya sha: da wa yake tare, a ina, da wane lokaci, me ke ransa. Daga nan a koya masa abin da zai yi in wannan hali ya sake zuwa. A 1994 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon bibiyar masu shan hodar ibilis na tsawon shekara guda, inda suka gano cewa waɗanda aka koya wa wannan hanya sun ci gaba da rage sha bayan an gama zaman magani, domin dabarar da mutum ya koya tana bin sa har gida. A 1998 hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka ta buga littafin da ta rubuta na koyar da ma'aikatan asibiti wannan hanya.

To sai dai ta lura da wata matsala da mu ma muka sani a nan: ƙwararru kaɗan ne, horar da su akwai tsada, kuma wanda aka horar ma in aiki ya yi masa yawa sai ya riƙa tsallake rabin darasin. Nan ne ta yanke shawarar zuba darussan cikin kwamfuta, ta sa wa shirin suna CBT4CBT. Yadda yake aiki shi ne, mutum zai zauna gaban na'ura ya kalli ɗan gajeren fim, inda wani ya shiga tarko, misali tsohon abokinsa ya miƙo masa ƙwaya, ya karɓa ya sha. Sai a tsaya a yi bayani, a maido da fim ɗin baya, a nuna mutumin nan a wuri ɗaya amma wannan karo ya yi amfani da dabara ya tsira. Daga nan na'urar ta yi wa mai kallo tambayoyi, ta ba shi aikin da zai gwada a gida.

An gwada shirin a 2008 da mutum 77, aka ga waɗanda suka haɗa shi da maganin da aka saba sun fi yawan kawo fitsari marar ƙwaya. A 2014 aka sake gwadawa da mutum 101 masu shan hodar ibilis: kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin sun yi mako 3 ko fiye a jere ba su sha ba, alhali a ɗaya rukunin kashi 17 ne kawai. Mai karatu zai lura cewa ko a rukunin da ya fi dacewa, waɗanda ba su kai ga haka ba sun fi yawa. Ke nan na'ura taimako ce, ba ta ɗauke wa likita da iyali nasu nauyi ba. A 2018 kuma aka buga sakamakon wani nau'in shirin da aka yi da Sifaniyanci, wanda aka tsara shi kamar wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango da mutanen Latin Amurka ke so, kuma shi ma ya rage yawan sha.

A birnin Bostan ma, wata likitar irinta mai suna Deborah Brief da abokan aikinta na asibitin tsofaffin sojoji sun shirya wani shiri a intanet mai suna VetChange, domin sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan suka faɗa shan giya. Ta hanyar talla a Facebook suka samu mutum 600 cikin ƙasa da wata biyu, kuma sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna raguwar shan giya da alamun firgici, ko da yake da yawa sun watsar a hanya. Abin lura shi ne yadda mutane suka yi tururuwa zuwa shirin da ba sai wani ya ga fuskarsu ba. Soja yana jin nauyin a gan shi a layin masu taɓin hankali, kuma wannan kunyar ce uwar nan mai ƙosai ta kawo mini.

Waɗannan shirye-shirye da harsunan Turai aka yi su, amma darussan da ke ciki ba su buƙatar kwamfuta kafin uwa ko mata ko maigidan shago su yi aiki da su. Na farko, a gano tsagar bangon da ƙadangare ke shiga: ranar kasuwa ce da kuɗi ke shiga hannu, ko majalisar dare, ko bayan mugun mafarki? In an gane, sai a sauya tsarin wannan lokaci, misali a riƙe masa kuɗin da yardarsa, ko wani ɗan uwa ya riƙa taya shi hira da dare. Na biyu, ƙwaɗayin ƙwaya yana tashi ya kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin ƙasa da awa guda in ba a sha ba, don haka alwala, tattaki, aiki ko kiran wani amintacce na iya tsallakar da mutum. Na uku, a koyi cewa a'a kai tsaye, a kalli mai tayin ido da ido, kada a ce sai gobe ko yau ba ni da kuɗi, domin gobe zai dawo. Na huɗu, a kula da ƙananan shawarwari da ake gani ba komai ba ne, kamar bi ta layin mai sayarwa da sunan hanya ce ta fi kusa. In kuma ya zame ya sha, a zauna a duba abin da ya jawo, a ci gaba daga nan. Gori da duka ba sa ƙara komai sai ɓoyo.

Akwai gargaɗi guda mai muhimmanci. Wanda ya daɗe yana shan tramol kada a kulle shi a ɗaki a ce ya bari dare ɗaya, domin zai shiga zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da firgita. A kai shi asibitin Gure likita ya duba shi ya tsara yadda za a riƙa ragewa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibitin ƙasa na Damagaram. Haka kuma a gaya wa likita maganar mafarkai da zabura, domin in aka yi maganin ƙwaya aka bar firgicin, tushen yana nan. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa kada a bar shi shi kaɗai ko da na awa ɗaya ne, a garzaya da shi.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mu ma da namu laifi. Ƙwayar nan ba daga sama take faɗowa ba, a cikin kaya ake shigo da ita, a kan tebur da faranti ake sayar da ita kusa da maganin ciwon kai. Ribar jaka biyu ko uku ba ta kai ɗan maƙwabci ba, kuma doka tana hukunta mai sayarwa. Shugabannin kasuwa suna da ikon hana mutum rumfa a kan awon zamba, to su yi amfani da wannan iko a kan ƙwaya.

Mu kuma ma'aikatan rediyo, darasin wasan kwaikwayon nan na Sifaniyanci namu ne. Muna da ƴan wasa, muna da masu saurare da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kuma saƙon murya na WhatsApp yana isa har rugage. Abin da ya rage shi ne likitocinmu su zauna da mu su tsara darussan, hukumomin lafiya da na soja su sa hannu, domin uwa ta samu abin da za ta kunna wa ɗanta a cikin ɗaki ba tare da kowa ya ji ba. Allah ya ji ƙan sojojinmu da suka kwanta dama, ya ba waɗanda suka dawo lafiyar jiki da ta zuciya, ya shirya mana zuri'a, amin.