Tasirin Gargaɗin Hukuma a kan Rubuta Magani: Misalin Magungunan Ciwon Damuwa a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda gargaɗin da hukumomi kan fitar game da illar magani yake sauya halayyar likitoci da majinyata. An ɗauki gargaɗin da aka yi a Amurka a shekarar 2004 kan magungunan ciwon damuwa a matsayin abin nazari. Maƙalar ta nuna cewa abin da hukuma ta nufa da gargaɗi da abin da jama'a suka ji ba lallai su zo ɗaya ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana iya shafar rayuwar majinyaci.

1.0 Gabatarwa

Duk maganin da yake warkarwa yana iya cutarwa. Wasu illolin ba sa bayyana sai bayan magani ya shiga hannun dubban mutane, a nan ne hukuma takan fitar da gargaɗi. A Amurka, gargaɗi mafi tsanani da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, take sanyawa shi ne wanda ake kewaye shi da baƙin layi a saman takardar bayanin magani. Irin wannan gargaɗi ba haramci ba ne. Likita yana da ikon ci gaba da rubuta maganin, sai dai ana so ya auna amfani da haɗari, ya kuma sa ido a kan majinyaci.

2.0 Asalin Gargaɗin

A watan Disambar 2003, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta shawarci likitoci da su daina rubuta wa 'yan ƙasa da shekara 18 galibin sababbin magungunan ciwon damuwa, in ban da fluoxetine. Ita kuwa FDA sai ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi yara da matasa kimanin 4,400. Ta gano cewa kusan kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin sun nuna tunanin kashe kai ko yunƙurin hakan, alhali kashi 2 ne kawai a cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba ta ɗauke da magani. Babu ko mutum ɗaya da ya kashe kansa a cikin gwaje-gwajen. A watan Oktoban 2004 hukumar ta umarci kamfanoni su sanya gargaɗin, tare da shawarar a riƙa ganin yaro kowane mako a cikin makonni huɗu na farko.

3.0 Abin da Ya Biyo Baya

Manufar hukumar ita ce a ƙara sa ido, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ziyarar bibiya ba ta ƙaru yadda aka so ba. Abin da ya sauya shi ne yawan rubuta maganin. Wani nazari da Christine Lu da abokan aikinta suka buga a mujallar BMJ a 2014 ya nuna cewa amfani da maganin a tsakanin matasa ya ragu da kusan kashi 31 cikin 100 a shekara ta biyu bayan gargaɗin. Ya kuma ragu a tsakanin manya, waɗanda gargaɗin bai shafa ba tun farko. Haka nan, nazarin Anne Libby da abokan aikinta ya nuna cewa adadin yaran da likitoci suke tabbatar wa ciwon damuwa ya ragu, ba tare da an samu ƙaruwar jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararru da za ta cike gurbin ba. Ma'ana, wasu majinyata sun rasa magani, sun kuma rasa madadinsa.

Ko wannan raguwa ta haifar da ƙaruwar kisan kai? A nan ne masana suka rabu. Nazarin Lu ya nuna ƙaruwar matasan da aka kai asibiti saboda shan magungunan ƙwaƙwalwa fiye da kima, ya ɗauki hakan a matsayin alamar yunƙurin kashe kai. Masu suka sun ce wannan ma'auni bai inganta ba, kuma faruwar abubuwa biyu a lokaci guda ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan. A 2007 FDA ta faɗaɗa gargaɗin zuwa 'yan shekara 18 zuwa 24, amma ta ƙara da cewa ciwon damuwa shi kansa yana da alaƙa da haɗarin kisan kai.

4.0 Matsayin Harshe

Ana iya faɗin sakamako ɗaya ta hanya biyu. Idan aka ce haɗari ya ninka, an faɗi gaskiya. Idan aka ce yara biyu ne suka ƙaru a cikin kowane ɗari, nan ma an faɗi gaskiya. Sai dai uwar da ta ji zance na farko da wadda ta ji na biyu ba za su yanke shawara iri ɗaya ba. Wannan batu ya shafi masu nazarin fassara a wajenmu, inda takardar bayanin magani take zuwa da Ingilishi ko Faransanci, majinyaci kuwa yana jin saƙon ne daga bakin likita ko mai shagon magani. Mai fassarar da ya mayar da umarnin lura zuwa umarnin dainawa ya sauya jinya, ko da bai taɓa magani ba.

5.0 Kammalawa

Misalin Amurka ya nuna cewa gargaɗi shi ma yana da nasa illoli, don haka ya cancanci a bibiyi tasirinsa kamar yadda ake bibiyar magani. Gargaɗin da zai amfani majinyaci sai ya faɗi girman haɗarin da adadi, ya ambaci haɗarin barin ciwo ba tare da jinya ba, sannan ya bayyana wa likita da iyali abin da za su yi a aikace.