Ko Ka San Abin da Zuciyar Zomo Ta Koya wa Likitoci?

Daga cikin musibun da annobar Korona ta bari a bayanta akwai wata lalura wadda ta fi kama mata masu ƙuruciya, wato mutum ya warke sarai daga tari da zazzaɓi, amma da zarar ya miƙe sai bugun zuciyarsa ya ƙaru da 30 ko fiye a minti guda, jiri ya ɗebe shi, har tsayuwar salla ta zame masa jidali, alhali kuwa awon jininsa bai faɗi ba.

To, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba masu wannan lalura, asalin iliminsa daga zomo ya fito. Ubangiji, cikin hikimarsa, ya ajiye wani ɗan ƙulli a saman zuciya ta wajen dama, wanda daga gare shi umurnin kowane bugu yake fitowa. A shekarar 1979 malamai uku na Jami'ar Okusfod ta Ingila, Hilary Brown da Dario DiFrancesco da Susan Noble, suka ɗauko wannan ƙulli daga zuciyar zomo, suka yi ta nazari a kansa, har suka gano wata kafa wadda, saɓanin 'yan uwanta, ba ta buɗewa sai lokacin da zuciya ta saki, sa'an nan sinadarin gishiri ya riƙa kwarara ciki sannu a hankali, har ya kai haddin da zai tayar da bugu na gaba. Idan tsoro ya zo, kwararar ta ƙaru, zuciya ta yi gaggawa.

A kan wannan asasi kamfanin Servier na Faransa ya haɗa maganin nan, wato ivabradine, wanda Turai ta halatta a 2005 domin ciwon ƙirji, Amurka kuma a 2015 domin raunin zuciya. Falalarsa ita ce yana tsuke kafar nan ba tare da ya kayar da awon jini ba, ba kuwa ya toshe numfashin mai asma kamar yadda maganin propranolol kan yi. An jarraba shi a San Diego a kan mutum 22 masu irin wannan lalura, aka buga sakamakon a 2021, an kuwa ga sauƙi. Sai dai a ganina adadin nan ya yi ƙaranci a yanke hukunci da shi.

Maganin yana da illa. Da yake ido ma yana da kafa mai kama da wannan, wasu sukan ga walƙiyar haske, kuma an hana mai juna biyu shansa. Wajibi ne likita ya fara auna zuciyar da na'ura, ya tabbata ba ƙarancin jini ko kumburin tsokar zuciya ne sababi ba.