Idan Kwanon Mota Ya Fara Ƙara

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa shiga motar haya daga Maraɗi zuwa Gazawa? To, ka san hanyar. Babbar hanya ce mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Gidan Rumji da Maraɗi, ta ratsa Agye da Gazawa, ta nufi Tasawa da Damagaram. Bisa kwalta mota tana tafiya lafiya. Amma ran kasuwar ƙauye sai ta sauka ta bi rairayi da gargada, ga buhunan gero da wake a samanta.

A nan ne za ka ji jikin mota yana ƙara: kwaram, kwaram. Direba ya ce: «Ba komai, inji lafiya lau.» Kada ka yarda da wannan magana, ko motar taka ce, ko kai yaron mota ne.

Me ke kawo ƙarar? Jikin mota ba ƙarfe ɗaya ba ne. Falle-fallen kwano ne aka haɗa da ƙusoshi da walda. Girgiza tana kwance ƙusa kaɗan-kaɗan. Idan ƙusa ta yi sako-sako, sai ta riƙa cin bakin raminta har ramin ya faɗaɗa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da damina ruwa zai shiga ta nan, tsatsa ta kama ƙarfe. Wata rana mota tana gudu, iska ta ɓalle kwanon. Yana iya yanka mai babur ko mai amalanke da ke gefen hanya.

Ga yadda za ka yi.

1. Da safe, kafin a ɗora kaya, ka zagaya mota. Ka bubbuga kwano da tafin hannu. Inda ya kama sosai ba ya motsi. Inda ya saki za ka ji yana kaɗawa. Ka duba ƙofofi, da murfin inji, da saman tayoyi, da ƙarfen ɗora kaya na sama.

2. In ƙusa ce ta kwance, ka ɗaure ta da sifana daidai da kanta. Kada ka matse da ƙarfin tsiya, sai ta karye.

3. In ramin ya faɗaɗa, ka sa zoben ƙarfe mai faɗi ƙarƙashin kan ƙusar, ko ka canza ƙusa mai kauri. Ka yanko ƴar roba daga tsohuwar taya ka sa tsakanin kwano da kwano. Roba tana shanye girgiza.

4. In ka ga tsatsa, ka kankare ta har farin ƙarfe ya fito, sannan ka shafa fenti. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa ya ɓoye ciwo ne, bai warkar da shi ba.

5. Robar bakin ƙofa da ta gilashi in ta zame, ka wanke wurin, ka bari ya bushe, sannan ka liƙa ta da gam.

Ɗaurin waya ko igiya fa? Wannan dabarar hanya ce, don ka isa gari. Ba gyara ba ne. Waya tana goge fenti, kuma tana tsinkewa ba sallama.

In kwano ya tsage, aikin mai walda ne. Amma ka kula da abu uku. A cire wayar batir kafin a kunna waldar lantarki. A janye kujera da roba da kaya daga wurin, don zafi yana ratsa kwano ya kama abin da ke bayansa. Kada a kai wuta kusa da tankin mai, ko da babu mai a ciki, saboda tururin da ya rage yana fashewa.

Ƙusa ɗaya kuɗinta kaɗan ne. Sabuwar ƙofa kuwa tana iya cinye ribar kasuwanni da yawa. Gobe da safe, kafin ka tayar da inji, ka fara zagaya motarka.

Tambayoyi

1. Me ke kwance ƙusar jikin mota?
2. Don me ake sa roba tsakanin kwano da kwano?
3. Faɗi abu uku da za a kula da su kafin a yi walda.