Abin da jini ke faɗa idan melanoma ta yi nisa

Da zarar sankarar fata mai suna melanoma ta bar inda ta tsiro ta kama huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, abin da likita ke son sani shi ne nauyin ƙarin, saurin yaɗuwarsa, da ko maganin da aka soma yana ci. Hoton na'ura yana nuna wannan, sai dai ba a yin sa kowane mako. Jini kuwa ana iya ɗibarsa duk zuwa asibiti.

Gwajin da ya fi daɗewa a fagen shi ne na LDH, wani sinadari da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta, yana aikin sarrafa sukari. Tun shekarun 1920 Bajamushen nan Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin daji suna cin sukari da haɗama, suna ƙona shi rabi da rabi ko da iskar oksijin ta wadata, kuma da LDH ake wannan aiki. Idan ƙari ya girma har jinin da ke ciyar da shi ya kasa, ƙwayoyin tsakiyarsa sai su mutu su fashe, sinadarin ya malalo cikin jini. Kwamitin AJCC na Amurka, mai tsara matakan cutar daji, ya sa shi cikin ma'aunin melanoma mai nisa tun 2001, kuma sabon tsarin 2017 bai cire shi ba. Wanda LDH ɗinsa ya hau, galibi cutarsa ta fi tsanani.

Amma gwaji ne mai saurin ruɗarwa. Ciwon hanta yana ɗaga shi, haka sikila da zazzaɓin cizon sauro, domin duka biyun suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Kai, ko a kwalba ma: idan aka ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka jijjiga shi, ruwan saman da ya kamata ya fito rawaya sai ya yi ja-ja, sakamakon ya hau alhali ƙarin bai motsa ba. A Jamus da Suwizalan ana ƙarawa da gwajin S100B, wanda ya fi kusanci da melanoma, ko da yake buguwa a kai ma tana ɗaga shi.

Akwai kuma sinadaran da ƙari da garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. IL-6 yana sa hanta ta ƙera CRP, alamar kumburi. IL-8 yana kiran wasu fararen ƙwayoyin jini da ke danne masu yaƙar ƙarin, yana kuma taimaka wa tsirowar sababbin jijiyoyi. Binciken da mujallar Nature Medicine ta buga a 2020 ya nuna cewa masu IL-8 da yawa ba su cika amfana da magungunan zaburar da garkuwa irin su nivolumab ba. Abin sha'awa ne, amma har yau bai zama gwajin yau da kullum ba, kuma ba na ganin laifin likitocin da ke jan ƙafa.

Inda aka fi cin riba shi ne saƙon da ke cikin ƙwayar kanta. A 2002 masana a Cibiyar Sanger ta Ingila suka gano cewa a kusan rabin melanoma, BRAF, mai ba ƙwaya umarnin hayayyafa, ya lalace ya zama kamar totur ɗin mota da ya maƙale. Daga nan aka samo vemurafenib, wanda Amurka ta amince da shi a 2011. Gutsattsarin sinadarin gado na ƙarin masu ɗauke da wannan lahani suna yawo a jini, kuma ana iya auna su da gwaji. Sukan ragu idan magani ya karɓi mutum, su dawo wani lokaci tun kafin hoto ya nuna komai.

A baƙar fata labarin ya ɗan bambanta. Melanoma ta fi tsirowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kamar wadda aka gano a yatsan ƙafar Bob Marley a 1977, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Irin wannan ba ta cika ɗauke da lahanin BRAF ba, don haka maganin da gwajin duka ba su faye yi mata aiki ba. Sa'annan muddin tana baƙin tabo a diddige, duk waɗannan gwaje-gwaje suna iya fitowa lafiya lau. Sai an yanko tsokar wurin an duba ta a madubin likita ake gane ta.