Cinikin Sabon Gida Daga Hannun Mai Ginawa Ya Sayar

A da can, a Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura ta bakin iyaka, mutum shi ke tsayawa a kan ginin gidansa. Da rani a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a jera azara, duk yana gani da idonsa. To, tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991 garuruwa suka buɗe, ma'aikata suka yawaita, wata sana'a kuwa ta shigo. Mai hali ya sayi gona a bayan gari, ya yanka ta filaye, ya gina gidajen bulo, ya shafe su da fenti, ya sa dillalai su nemo mai saye. Ɗan kasuwar da ba ya zama, yau Kano gobe Maraɗi, ya ga an hutar da shi. Sai damina ta faɗi sa'an nan ya san abin da ya saya.

Yawancin ɓarnar a cikin bulo take. Buhun siminti mai kilo 50, wanda magina na kirki ke buga bulo kamar 30 da shi, wani sai ya buga 50. Yashi ya rinjayi siminti, bango ya tsage tun bai shekara ba. Wani kuma a kan hanyar ruwa yake gini. Ƙasar Kazaure ƙasar duwatsu ce, ruwan da ya gangaro daga tudu ba ya manta hanyarsa, amma wanda ya zo duba gida a watan Maris ba zai ga kome ba sai busasshiyar ƙasa.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa an kasa aibin gida uku. Na farko ƙanƙane, wanda ba ya rage kuɗin gida, babu kome a kansa. Na biyu matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron ta ka da gida: mai saye ba shi da ikon mayarwa, sai dai a biya shi gwargwadon abin da aibin ya rage. Na uku mai yawa, wanda wasu malamai suka ƙaddara da sulusin ƙimar gidan, ko wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko wanda ya yanke wani amfani, kamar rijiya ta fito da ruwan gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi. A nan mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sharaɗi dai aibin ya riga ciniki, mai saye kuma bai san da shi ba. Wanda ya gani, ya yi shiru, ya ci gaba da gyara da ƙari, alƙali na iya ɗaukar wannan a matsayin yarda. Maganar nan kuwa ta dillalai, wai ka saya yadda ka gani, ba ta wanke wanda ya san da tsaga ya lulluɓe ta da fenti. Wannan algus ne.

Akwai kuma masu karɓar kuɗi tun gida yana kan takarda. Malikiyya ba su yarda da salam a cikin gida ko ƙasa ba. Hanafiyya su ne suka buɗe ƙofar istisna'i, watau a ba mai sana'a aiki ya yi abu bisa siffa sananniya, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da shi, da sharaɗin a bayyana iri da siffa da adadi, a kuma yanka wa'adi. Ta halatta a biya kashi-kashi. Saboda haka wanda ya miƙa kuɗi duka a kan kalmar "ɗaki uku da falo", ba a rubuta kaurin rodi ko irin kwano ko ranar miƙa makulli ba, ya bar wa alƙali aiki mai wuya.

Saura ƙasar da gidan ke kai. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, kuma fili mai takardar mallaka ba ya sauya hannu sai da yardarsa. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da su. Sau da yawa gonar da aka yanka ta gado ce wadda ba a raba ba. Ɗa guda ya sayar, bayan shekaru 'yan'uwansa mata su kai ƙara, alƙali ya kira mai gidan da bai taɓa jin sunan mamacin ba. Dagaci da mai unguwa sun san asalin kowace gona, kuma tambayarsu ba ta kai kuɗin la'ada ba.